Eka Ɗaya Da Rabi A Bakin Ngadda



Duk ranar da aka zauna a majalisa bayan La'asar aka ɗauko zancen tsadar kayan miya, 'yan gwari ne ke shan zagi. Wani ya ce sun haɗa baki, wani ya ce tumatir huɗu aka ƙirga masa kamar ana ƙirga ƙwai. Ni dai nakan yi shiru, domin ƙafata ɗaya tana kasuwa, ɗaya tana lambu, kuma na san tafiyar da ɗaurin alayyafo ke yi kafin ya iso ƙofar gidanku. Yau na ga gara in rubuta abin da na sani game da ƙaramin lambun gidanmu, ko Allah zai sa wani ya amfana, musamman yanzu da lambunan bakin kogi ke komawa fulotai ɗaya bayan ɗaya.

Lambun yana wajen Gongulong, cikin ƙaramar hukumar Jere, eka ɗaya da rabi ne in an yi masa kara. Kakanmu ne ya fara shi. Mutumin ƙasar Haɗeja ne, ya taso da niyyar zuwa Makka ta ƙasa, kamar yadda dubban Hausawa suka yi ta bi ta Borno su ƙetara Fort Lamy, wato Njamena ta yau, su ratsa Sudan har bakin Bahar Maliya. Guzuri ya ƙare masa a Yerwa tun kafin jirgin ƙasa ya iso garin a 1964, sai ya sauka a unguwar da 'yan'uwanmu Kanuri suka sa wa suna Hausari, kamar yadda suka ce Shehuri ga unguwar Shehu. Sana'a ɗaya ya iya, ban-ruwa da jigo, wadda ya koya a fadamar garinsu. Bulaman wurin ya nuna masa gefen kogi, ya kafa gwafa biyu, ya gitta doguwar sanda, curin laka a gindinta, guga a kanta. Hajjin nan dai sai daga baya ya yi ta a jirgin sama, kuma kuɗin albasa ne suka biya kujerar.

Wanda bai san Maiduguri ba zai ɗauka noman lambu a nan wahalar banza ce. Ruwan saman shekara guda bai cika wuce milimita 600 ba, kusan dukansa kuma tsakanin Yuni da Satumba yake zuba. Afrilu da Mayu zafi yakan haura digiri 40, har tsuntsu ya buɗe baki a inuwa. Ƙasar ga ta jigawa, ka ba ta ruwa da safe, kafin azahar ta shanye tana neman ƙari. Sai dai muna da wata uku zuwa huɗu na sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, kuma wannan sanyin shi ne jarin mai lambu. A cikinsa ne salak da kabeji da karas da tumatir da albasa ke sakewa. Wanda ya makara da reno har sanyi ya yi nisa, to ya yi wa zafi noma.

Babanmu, Allah Ya jiƙansa, shi ya gaji wurin, kuma yana da tsarin da bai taɓa yarda a taɓa ba. Yakan ce mai ƙaramin lambu dole ya kasance da kuɗi iri uku: kuɗin sati, kuɗin kaka, da kuɗin tsufa. Kuɗin sati su ne ganye. Kuɗin kaka su ne tumatir da albasa da tattasai da attaruhu. Kuɗin tsufa kuwa bishiyoyi. Lokacin muna yara mun ɗauka salon magana ne irin na dattawa. Sai da rikici ya zo, ambaliya ta biyo baya, sannan muka ga abin da kowane kashi yake tsarewa.

Bari in fara da ganye, tunda shi mutane suka fi rainawa. Alayyafo in ka watsa irinsa yau a fangali mai taki, cikin sati uku zuwa huɗu ka fara cira. Irin ƙanana ne ƙwarai, shi ya sa muke cuɗa shi da yashi kafin watsawa, don kada ya taru wuri guda ya shaƙe juna. Dabarar ita ce kada ka shuka duka rana ɗaya. Muna da fangali goma sha biyu na ganye, kowane sati mu shuka uku, ta yadda ba a taɓa wayewar gari babu abin kaiwa kasuwa ba. Lalo da rama da yakuwa su ma haka, sai dai su yanka ake yi a bar gindin ya sake tofo. Kuɓewa takan fara ba da 'ya'ya bayan wata ɗaya da rabi zuwa biyu, kuma in ta fara sai ka riƙa tsinka kowane kwana biyu, in ka bari ta ƙosa ta zama itace, uwar ma ta rage haihuwa. Waɗannan ba sa sa mutum ya yi arziki. Amma su ne kuɗin mai, kuɗin yaran da ke taya aiki, kuɗin cefanen gida, su ne ke hana ka zuwa wurin dillali ka ci bashi a kan tumatirin da bai nuna ba. Wanda ya ci irin wannan bashin, ranar ciniki ba shi da baki.

Ganye kuma ba ya jira. Da asuba ake cira, a ɗaure, a yayyafa ruwa, a rufe da jiƙaƙƙen buhu. Tun da aka hana hawa babur a Maiduguri a 2011, keke da Keke Napep ne abin hawanmu zuwa Kasuwar Gamboru, daga can 'yan sari su rarraba zuwa Kasuwar Monday da unguwanni. In rana ta ɗaga kafin ka iso, ganyen ya yi yaushi, farashin ma ya yi yaushi.

Tumatir shi ne caca. A Oktoba muke zuba reno, bayan sati uku zuwa huɗu a yi dashe da yamma, don ya kwana cikin sanyi kafin rana ta same shi. Bayan wata biyu da 'yan kwanaki a fara tsinka. Matsalar ita ce kowa lokaci ɗaya yake tsinka, daga nan har Kadawa da Kwanar Gafan a Kano, sai kwando ya faɗi warwas a Janairu da Fabrairu, wani lokacin kuɗin mota ma bai fita ba. Wanda ya ce zai jinkirta ya riski tsadar Mayu da Yuni kuma, zafi na jiransa: in ya wuce digiri 35 furen tumatir zubewa yake yi ba tare da ya ƙulla ba. Ga kuma tsutsar nan da manoma ke kira sharon. Asalinta daga Kudancin Amurka take, ta shiga Sifaniya a 2006, ta bi ta Arewacin Afirka har ta iso mu, kuma a 2016 ta yi ɓarnar da sai da jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Tana shiga tsakiyar ganye ta ci daga ciki, inda feshi ba ya kai mata sosai, kuma da zafi take ƙaruwa. Tsadar da kuka sha a tsakiyar 2024 har wasu gidaje suka koma miya da karas da busasshen tumatir, da hannunta a ciki. Mu abin da muke yi shi ne mu ba tumatir kashi ɗaya cikin huɗu na filin kawai, abin da kasuwa ta raina mu yanka mu shanya a kan tabarma, mu ajiye kauɗa har bazara. Albasa ta fi shi mutunci, domin in ta ƙosa aka daina ba ta ruwa, aka bar ta ta sha iska a rumfa, takan jira farashi na wasu watanni.

Wani abin da masu sabon shiga ba su cika lura da shi ba shi ne ciwon saiwa. A ƙasa mai yashi irin tamu akwai wata tsutsa da ido ba ya gani, sai ka ga kuɓewa ko tumatir na yaushi alhali ga ruwa ga taki, in ka tuge ka ga saiwar ta yi ƙulli-ƙulli kamar carbi. Maganinta mafi sauƙi kada ka maimaita tumatir ko yalo ko kuɓewa wuri guda shekara biyu a jere. Inda tumatir ya tashi, albasa ko masara ce ke shiga.

Maganin ƙwari kuwa, Allah Ya hore mana shi a bakin kowane titi. Garin nan da darbejiya aka san shi tun zamanin Turawa. Muna tara 'ya'yanta da suka faɗo, mu shanya, mu daka kamar rabin kilo, mu jiƙa a bokiti mai lita 10 ya kwana, mu tace da ƙyalle, mu sa ɗan sabulu don ya kama ganye, mu fesa da yamma tunda rana na kashe ƙarfinsa. Ba ya kashe ƙwaro nan take kamar na kanti, hana shi ci yake yi, don haka sai an maimaita kowane sati. Ba na ce ba ma amfani da na kanti ba, muna yi in abu ya yi tsanani. Amma kowace kwalba akwai kwanakin da aka rubuta a jira kafin a tsinka, kuma a nan ne wasu 'yan'uwanmu masu lambu ke cin amanar jama'a: a fesa yau, gobe salak yana faranti, ga shi ɗanye ake cinsa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurin Allah, ko da hukuma ba ta gani ba.

Sai ruwa, wanda shi ne rai da ajalin lambu. Kogin Ngadda daga fadamun Sambisa yake fitowa, inda ruwan Yedseram da na Gombole ke haɗuwa, ya biyo ta Alau inda aka kammala dam a 1986, ya ratsa tsakiyar gari, ya je ya baje a kwarin Jere inda ake noman shinkafa. Mu da ke ƙasan gari, duk abin da kwatocin Maiduguri suka zubar ta gabanmu yake wucewa, kuma da rani in ruwa ya ja baya, abin da ya rage ba ya da kyan gani balle shaƙa. Malamai a Jami'ar Maiduguri sun sha ɗibar ruwa da ƙasa da ganyen wuraren nan suna aunawa don neman guba irin ta dalma da ragowar maganin ƙwari. Tun Baba na da rai muka haƙa 'yar rijiyar burtsatse a cikin lambun, tunda a bakin kogi ruwan ƙasa ba shi da nisa, kuma da ita muke shayar da duk abin da ake ci ɗanye.

Injin ban-ruwa ya kori jigo tun shekarun 1990, lokacin da shirin Fadama na Bankin Duniya ya yaɗa ƙananan injina a Arewa. Ya rage ciwon baya, amma ya ɗaure mu da gidan mai. Kafin 29 ga Mayu 2023 litar fetur ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. Cikin 'yan kwanaki ta haura 500, kafin 2024 ta ƙare ta haura 1,000. Lambun da ke shan ruwa kullum da zafi, ku yi lissafin da kanku, sannan ku sake duban ɗan gwarin da kuke zagi. Maƙwabtanmu da dama a wannan shekarar suka rage rabin filinsu. Mu karo-karo muka yi a gida muka sayi famfo mai aiki da sola. Kuɗin farko ne mai ɗaci, bayan nan rana ce ke biya, kuma rana dai ba mu da ƙarancinta. Muna kuma rufe gindin shuka da ƙaiƙayin shinkafa da muke samowa daga wajen Zabarmari, yana riƙe laima, yana rage ciyawa, daga baya ya ruɓe ya zama taki. Sai dai a kula da gara.

Taki ma da labarinsa. Saboda ana haɗa abin fashewa da yuriya, hukumomin tsaro sun taƙaita shigo da ita Borno shekaru da dama, wadda ta samu shigowa kuma ta yi tsada. Dole ta mayar da mu ga abin da kakanmu ya sani: kashin shanu daga Kasuwar Shanu, kashin kaji, toka, ragowar ganye, a tara a rami, a riƙa yayyafa ruwa ana juyawa har wata biyu zuwa uku, sai ya yi baƙi ya daina wari. Ɗanyen kashin kaji ƙona shuka yake yi, kada wanda ya yi gaggawa da shi. A ƙasa mai yashi wannan takin ya fi na zamani daɗewa, domin na zamani ruwa na wanke shi ya nutse ƙasa da saiwa.

Yanzu ga kuɗin tsufa. Muna da mangwaro goma sha huɗu a kewayen shinge, ta gabas da arewa, inda suke tare iskar hunturu ba tare da sun yi wa fangali inuwa ba. Shida daga ciki kakanmu ne ya dasa daga ƙwallo, sauran Baba ne ya yi musu aure. Bambancin yana da girma. Na ƙwallo sai ya shekara shida, bakwai, har fiye kafin ya haihu, kuma ba ka da tabbacin irin ɗan da zai ba ka. Mai aure shekara uku zuwa huɗu ya fara, kuma ɗan uwar da ka yanko reshenta zai ba ka sak. Auren kansa ba wani sihiri ba ne: ka reni ƙwallon mangwaron gida a leda har ya kai kaurin fensir, ka yanke kansa ka tsaga, ka fiƙe ɗan reshen da ka yanko daga bishiyar da kake so, Binta siga ce ko Faparanda, ka cusa a tsagar yadda ɓawo zai haɗu da ɓawo, ka ɗaure da leda tam. In ya kama, cikin sati uku za ka ga tofo. Wuƙa mai kaifi da hannu mai tsabta, shi ke nan. Babban mangwaro kuma a rage masa ruwa gab da hunturu, ƙishin ne ke taimaka masa ya yi fure.

Gwaiba muna da tara. Ita ba ta da tsirfa, shekara biyu zuwa uku ta fara. Abokin gabarta ƙudan nan ne da ke huda 'ya'yan itace ya yi ƙwai a ciki, ka ɓare ka tarar da tsutsa. Duk wanda ya faɗo a tsince shi a binne da zurfi, in an bar shi a ƙasa an buɗe wa ƙudan gidan haihuwa. Lemun tsami a kan ɗan tudu muke dasa shi, kada ruwa ya riƙa taɓa gindinsa, in ba haka ba sai ka ga ƙaro na tsattsafowa daga ɓawon, daga nan sai bushewa. Gwanda ita ce tsakanin ganye da bishiya, kafin shekara ta zagayo ta fara ba da kuɗi. Muna sa uku a rami ɗaya, in sun yi fure mu gane namiji da furensa mai dogon sili, mace kuma nata manne da jiki, mu bar mata, mu bar namiji ɗaya ga kamar goma.

A shekarun da rikicin Boko Haram ya yi tsanani, akwai lokutan da fita bayan gari sai da shahada. Wani lokacin sati biyu ba mu leƙa lambun ba. Ko bayan an samu sauƙi, abin da ya faru a Koshobe ranar 28 ga Nuwamba 2020, inda aka yi wa manoman shinkafa yankan rago har aka yi jana'izar mutum 43 a Zabarmari rana ɗaya, ya sa kowa a yankin Jere ya koma noma da ido ɗaya a kan hanya. Allah Ya jiƙansu. Alayyafo ba ya haƙurin kwana uku babu ruwa, tumatir ma haka. Duk sun mutu a waɗannan lokutan. Mangwaro da gwaiba kuwa saiwarsu ta riga ta kai ruwan ƙasa, ba su san ana yi ba. Sai mu shiga da hantsi, mu cika buhu huɗu ko biyar, mu fito kafin azahar. Shekara biyu kuɗin makarantar ƙannena daga bishiyoyin da kakanmu ya dasa suka fito, mutumin da ya rasu kafin a haifi wasunsu.

Sai daren 9 wayewar 10 ga Satumba 2024, da dam ɗin Alau ya ɓalle. Ba sai na ba ku labari ba, kowa a nan yana da nasa: Kasuwar Monday, Fadar Shehu, Asibitin Koyarwa, Gwange, Gamboru, har namun gidan zu na Sanda Kyarimi. Dattawa suka ce rabon da su ga irinta tun 1994. Ƙanena ya kwance faifan sola da famfo kwana biyu kafin nan, da ya ga yadda kogin ke cika, shi ne abin da muka tsira da shi na ƙarfe. Sai da aka yi kusan sati biyu kafin mu iya taka lambun. Kuɓewa da yakuwa da masarar damina babu ko alama. Gwanda talatin duk sun kwanta, domin ita kwana biyu cikin ruwa ya ishe ta. Zogale ya ruɓe daga gindi. Lemun tsami ya yi kamar ya tsira, bayan wata guda rabinsa ya bushe. Gwaiba tara suna nan tsaye, leda da tsumma rataye a rassansu. Mangwaro ɗaya ne ya faɗi, ƙarami, wanda ruwa ya kwashe ƙasar gindinsa.

Mun kwashe shara da yashin da ruwa ya jibge, muka yi ta zuƙe rijiyar har ruwanta ya washe. Tsakiyar Oktoba muka watsa alayyafo, farkon Nuwamba muka kai ɗaurin farko Gamboru. Kuɗin sati ne suka fara dawowa, su suka sayi irin albasa.

A daidai nan ne maganar sayarwa ta taso. Tun rasuwar Baba ba mu raba lambun ba, ana noma ana raba abin da aka samu. Babban yayanmu, wanda katangar gidansa ta zube a ambaliyar kuma yake da 'ya'ya biyu a jami'a, ya tara mu a ɗakin Inna ya ce wani ya taya wurin zai yanka fulotai. Ya dube ni ya ce, "Kai ne ke son ƙasa, mu kuma buƙata ta ishe mu. Shekara nawa za mu yi muna jiran alayyafo?" Na ce, "Yaya, gaskiyarka ce, kuma haƙƙinka ne, ba wanda zai hana magaji rabonsa. Amma wanda zai sayi fulotin nan ya gina, a kan hanyar ruwa zai kwantar da iyalinsa." Inna ba ta ce komai ba sai da muka gama, sannan ta ce ita dai kada a kai ta kotu da tsufanta, kuma kada a sare itacen da surukinta ya dasa tana raye.

Har yanzu ina kan abin da na faɗa a ɗakin nan. Ruwa ya hau wurin a 1994, ya sake hawa a 2024. Gwamnatin tarayya ta amince da naira biliyan 80 a farkon 2025 don sake gina dam ɗin, muna fatan a yi aiki mai inganci, amma bakin kogi dai bakin kogi ne. Lambu in ruwa ya ci shi, cikin sati shida ya fara ba da abinci. Gida in ruwa ya ci shi, wani lokacin har da mutanen ciki. Kuma duk lambun da ya koma bulo, alayyafon da yake bayarwa daga wani wuri mai nisa za a kawo shi, a ɗora mana kuɗin mota. Sai dai ban ga laifin Yaya ba ko kaɗan. Mai katanga a ƙasa ba a yi masa wa'azin bishiya.

Abin da muka yi shi ne muka kira mutum biyu da suka san farashin ƙasa a yankin suka yi wa lambun kuɗi, malami ya fitar da rabon kowa yadda shari'a ta tsara. Ni da ƙanena da ƙannenmu mata biyu muka ɗauki nauyin biyan Yaya nasa kashi uku: na farko daga abin da muke da shi a hannu, na biyu bayan an sayar da albasa da mangwaro, na uku baɗi war haka. Aka rubuta, liman da shaidu suka sa hannu. Mun biya biyu. Ranar da na kai masa na biyun na haɗa masa da kwandon Binta siga, ya yi dariya ya ce ashe har yanzu yana da rabo a wurin. Na kawo wannan ne don na san gidaje da yawa a unguwar nan suna da irin wannan magana a ƙasa, kuma sau da yawa ana ganin hanya biyu ce kawai, a sayar ko a ɓata.

Abin da ya fi damuna yanzu hannu ne. Yaran da ke taya mu aiki yawancinsu 'yan gudun hijira ne da suka taso da noma a garuruwansu, kuma da dama sun koma gida tun da gwamnati ta rufe sansanonin cikin gari. Samarinmu na Hausari kuwa kowa Keke Napep yake hange ko shagon cajin waya. Ba na raina sana'ar kowa. Amma a duk layinmu ban san saurayi ɗaya da ya iya auren mangwaro ba, alhali dashe ɗaya mai aure kuɗi ne a hannu, kuma a bayan ɗaki ma ana iya renonsa. Ga Kwalejin Aikin Gona ta Mohamet Lawan a cikin garin nan, ga tsangayar aikin gona a jami'a, ilimin bai yi mana nisa ba.

Ko wanda ba shi da fili, gidajenmu na Hausari duk da matsinsu ba su rasa inda rana ke faɗawa awa biyar ko shida. Buhun siminti ko na shinkafa, a huda gindinsa, a cika da ƙasa kashi biyu taki kashi ɗaya, ya isa alayyafo ko yakuwa ko attaruhu guda biyu. Ruwan alwala da na wankin shinkafa ya ishe su, ban da mai omo. Inna tana da buhu takwas a tsakar gida da zogale ɗaya a bakin rariya, kuma rabon da ta aiki yaro sayen ganye tun kafin azumi.

A bana na reni mangwaro mai aure guda arba'in da gwaiba ashirin da biyar, sun kai dashe. Goma na ware wa masallaci da makarantar allo in suna da wurin sawa da wanda zai riƙa ba su ruwa. Sauran duk mai so ya ba shugabannin ƙungiya sunansa kafin ƙarshen Yuni, domin a Yuli ake dasawa, in ruwa ya zauna. A haƙa rami tun yanzu, faɗi da zurfi kamar tsawon hannu daga gwiwa zuwa yatsa sau ɗaya da rabi, a cika shi da ruɓaɓɓen taki, a kuma tanadi abin kewayewa saboda awakin unguwa. Samari biyar na farko da suka ce suna son koyon aure, ranar Asabar bayan sallar asuba muke fita, kowa ya zo da sabuwar reza.